Zanen Sinawa a Shingen Sojoji

A shekarun da ake tayar da bom a Kano, ni malamar zane ce a wata sakandaren 'yan mata, kuma ina karatun digiri na biyu a birni. Gidan aurena yana wani ƙauye gaba da Dawakin Tofa, inda gona take jingine da gona, ba ka samun ko tafin hannu na ƙasa da ba shi da mai shi. Mijina manomi ne, ranar kasuwa kuma yana sayar da iri da maganin feshi. Talata da Alhamis nake shiga birni, in yi ƙoƙari in dawo kafin magariba.

Abin da nake nazari a kai shi ne zanen tawada na ƙasar Sin, tun daga tsofaffin da aka yi a kan takarda da siliki, har zuwa abin da masu fasaharsu na yanzu suke yi da bidiyo. Duk wanda na gaya wa sai ya sake tambaya, yana zaton bai ji daidai ba. Surukata ta taɓa ce mini, "To su ma mutanen Sin ɗin suna can suna karanta zanen ƙwaryarmu?" Na ce mata wataƙila. Gaskiya abin ya samo asali ne daga kwanukan jeren mahaifiyata. Akwai wani faranti mai hoton tsuntsu dogon wuya a tsaye ƙarƙashin reshe, tun ina ƙarama nake kwaikwayonsa da gawayi a bangon madafi, ana duka na ina komawa.

Mai duba aikina wani tsohon Farfesa ne da ya yi shekaru a Asiya yana saurayi. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma idan aka zo kan zane sai ka roƙe shi ya tsaya. Shi ya koya mini cewa a wurin mutanen nan, inda aka bari fari a takarda yana da nauyi kamar inda aka sa tawada. Yana da wani dogon zane da ake naɗewa kamar tabarma, malaminsa na can ne ya kwaikwayi wani tsohon aiki da hannunsa ya ba shi kyauta. Ana warware shi daga dama zuwa hagu, kamar karatun Larabci, kaɗan-kaɗan, kana bin hanya daga bakin kogi ka haye gada ka shiga duwatsu. Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Amma da ya ga cikina ya kai wata shida, zirga-zirga ta fara yi mini wuya, sai wata Alhamis ya ce in tafi da shi gida in zauna da shi sati biyu.

"Ba a fahimtar irin wannan a awa ɗaya," in ji shi. "Ki kiyaye shi daga ruwa da gara, shi ke nan."

Ya zura shi cikin wani baƙin bututun kwali mai murfin ƙarfe, tsawonsa kamu ɗaya da ɗan ƙari. A ranar kuma mun kalli wani bidiyo a kwamfutata, na wani mai fasaha da yake zane da albarushi maimakon tawada. Ba mu kai ƙarshe ba aka kira Farfesa taro, sai na rufe kwamfutar a haka na jefa a jaka.

A lokacin nan an fara ɗaura wa mata bom a ƙarƙashin hijabi. Ƙawayena da yawa sun ajiye hijabi sun koma gyale, domin idan ka shiga kasuwa da shi sai ka ga mutane suna darewa. Ni kunyar cikin ce ta hana ni. Dogon hijabi mai ruwan toka nake sawa, har ƙasa.

Na samu bas a tasha bayan la'asar. Tsakiyar damina ce, gero ya fi mutum tsawo, hadari kuma ya haɗo daga gabas. A kusa da ni akwai wata tsohuwa da kwandon daddawa a cinya, mutane suna ta yi mata ƙorafin wari, ita kuma ba ta ko kalle su ba. Bayan mun bar gari muka iso shingen sojoji da na saba wucewa: buhunan yashi, ganguna, da katako mai ƙusoshi a kan kwalta. Dokarsu ita ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama, direba ya biyo da mota a hankali.

Da na sauko an fara yayyafi. Ban yi wani tunani ba sai na maganar Farfesa. Na tura bututun ƙarƙashin hijabi, na matse shi a hamata, na ɗaga hannu ɗaya na bi layi.

"Ke! Tsaya nan!"

Wani soja ne matashi, Hausarsa ba ta nuna ba. Na waiga in ga da wa yake. Sai na ga bakin bindiga yana kallo na, na ji ƙarar ƙarfe, ya ɗana ta.

"Ɗaga hannu! Duka biyu!"

Na ɗaga. Bututun ya zame ya faɗi kan kwalta, murfin ƙarfen ya yi ƙara, ya gangara ya tsaya a tsakanina da shi.

Wani ya yi ihu, "Bom!" Ban taɓa ganin mutane sun ɓace da sauri haka ba. Maza da manyan riguna suka faɗa cikin gero, wata mata ta yar da takalmanta. Direbanmu ya fito ya kwanta rub da ciki a bakin kwalbati. Sojojin suka koma bayan buhuna. Ni kaɗai na rage a tsakiyar titi, hannuwana a sama, cikina ya turo hijabi gaba. Na san abin da suke gani. Na fara kalmar shahada a zuci, sai na ga ina maimaita rabin farko na kasa ƙarasawa. Abin da na fi tunawa shi ne hannun yaron nan yana rawa a kan bindiga. Tsorona yake ji, kuma hakan ne ya fi ba ni tsoro.

Sai na ji murya a bayana.

"Ɗana, juna biyu gare ta. Ba ka ga tafiyarta ba?"

Tsohuwa mai daddawa ce. Tana tsaye da kwandonta inda aka bar ta. Daga baya ta ce mini ba jarumta ba ce, gwiwoyinta ne ba sa gudu.

Wani babba a cikin sojojin, mai furfura a gefen kai, ya leƙo daga bayan buhuna. Shi Hausarsa garau. Ya ce, "Mama, kin san ta?"

"A mota na gan ta."

"To ba mu da soja mace a nan. In kin yarda da ita, je ki ɗaga hijabin mu gani. In ba ki yarda ba, matsa can nesa."

Tsohuwar ta ajiye kwando. Ta taho tana jan ƙafa, kamar ba za ta iso ba. Da ta zo dab da ni sai ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yarinya, tsakaninki da Allah, ba komai?"

Na ce, "Wallahi Inna, ciki ne. Wancan kuma takarda ce."

Ta ce, "To, bismillahi."

Ta ɗage hijabin har kafaɗata, a gaban maza, a tsakiyar titi. Ta ɗora tafinta a kan cikina ta danna, ta shafa bayana, ta juya ni kamar mai sayen akuya. Sannan ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki bututun, ta cire murfin da haƙori, ta leƙa, ta zazzago naɗin takardar ta ɗaga sama.

Na zaci an gama. Mutane ma sun fara fitowa daga cikin gero. Amma babban sojan ya ce in kawo kayana gaba ɗaya, in warware takardar a kan wani benci da ke gefen rumfarsu. Na warware, ba kaɗan-kaɗan kamar yadda aka koya mini ba, duka na baje shi, ƙarshensa yana lilo a ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa yatsa yana bi.

"Ga kogi. Ga gada. Ga hanya ta hau dutse. Ga gidaje a ɓoye a bayan dutse. Malama, taswirar ina ce wannan?"

A lokacin kowa ya san masu kai harin a duwatsu da dazuzzuka suke ɓuya. Na ce, "Yallaɓai, ba taswira ba ce. Zane ne na ƙasar Sin. Wurin ma babu shi a duniya, mai zanen ne ya ƙirƙiro shi a ransa."

"Wannan rubutun fa?"

Na ce waƙa ce, jajayen alamun da ke gefe kuma hatimin masu zane ne. Ya ce in karanta. Kalmomin da na iya ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na nuna masa kalmar dutse, na nuna masa ta ruwa, na nuna masa ta lokacin kaka. Sauran na ce ban iya ba.

"Kina yawo da rubutun da ba ki iya karantawa ba." Ya matsa tsakiyar zanen, inda takarda take fara fat tsakanin duwatsu biyu. "Nan fa? Me aka goge?"

"Ba a goge komai ba. Gajimare ne."

"Ina gajimaren?"

Na rubuta shafi kusan talatin a kan wannan farin wuri. Amma a gaban mutumin nan na rasa jimla ɗaya. Na ce kawai, "Haka suke yi, Yallaɓai. Sai su bar wurin, mai kallo ya gane."

Ya nuna jakata. Aka fito da littafin rubutuna da kwamfuta, ya ce in kunna. Sai a lokacin na tuna inda muka tsaya da safe. Na yi tunanin in ce ba caji, amma matashin sojan ya riga ya ɗaga murfin.

Hoton ya fito a tsaye: hannun mutum yana zuba baƙin gari a kan farar takarda, ga lagwani a miƙe a gefe. Soja ba ya bukatar a gaya masa mene ne wannan. Matashin ya faɗi wata magana da Turanci da ƙarfi, ma'anarta, "Ai na faɗa!". Babban ya buɗe littafina. A shafin ƙarshe, da rubutun hannuna, na jera bayanin da Farfesa ya yi mini: irin garin da mutumin yake amfani da shi, mai laushi da mai tsakuwa, da yadda yake shimfiɗa lagwani, da yadda yake danne komai da kwali da duwatsu kafin ya kunna. Ya karanta a hankali har ƙasa. Ya ce a matsar da mutane baya.

A shekarun nan mun san abin da ake nufi idan aka ce an tafi da mutum. Akwai wani mai gyaran rediyo a ƙauyen da ke kusa da mu, an tafi da shi saboda wayoyin da aka gani a jakarsa, matarsa ta yi ta yawo ba wanda ya ce mata ga inda yake. Na kalli motar sojojin da ke ƙarƙashin ɗorawa, bayanta a buɗe. Na yi tunanin a ina zan haihu.

Na durƙusa a kan kwalta. Na ce, "Yallaɓai, don girman Allah ka bar shi ya kai ƙarshe. Minti huɗu ne. In ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka yi yadda ka ga dama da ni."

Ni kaina ban taɓa ganin ƙarshen ba. Farfesa ne ya ba ni labarinsa.

Babban sojan ya danna, bidiyon ya ci gaba. Muka tsaya muna kallo, ni a durƙushe, su a tsaye a kaina. Mutumin ya gama zuba gari, aka rufe da kwali, ya sunkuya ya kunna. Wuta ta ruga a ƙarƙashin kwalin, aka ji fashewa, hayaƙi ya turnuƙe. Matashin sojan ya zabura har ya taka mini hijabi. A cikin bidiyon wasu mutane suka rugo da tsumma suna kashe tartsatsi. Sannan aka ɗage kwalin, aka ɗaga takardar a jikin bango. Wata ƙatuwar bishiya ce, ƙuna ta fitar da rassanta da saiwoyinta, baƙi da ruwan ƙasa. Hoton ya juya kan 'yan kallo: tsofaffi, mata da jarirai, 'yan makaranta, suna tafi suna dariya.

Babban sojan ya mayar da shi baya ya sake kallo. Sannan ya ce, "Duk albarushin nan a kan bishiya aka ƙona shi?"

Na ce, "E, Yallaɓai."

Ya girgiza kai. Ya karɓi lambar Farfesa ya koma gefe. Sau uku yana kira ba ta shiga ba, a na huɗu na ga bakinsa yana motsi. Ana cikin haka yayyafi ya ƙaru. Ina kallon ɗigon ruwa yana sauka a kan zanen, ɗaya, biyu, ban isa in tashi ba. Tsohuwar ce ta cire mayafinta ta rufa wa zanen.

Da babban sojan ya dawo sai ya yage shafukan nan daga littafina ya cusa a aljihu. Ya sa na goge bidiyon a gabansa. Ya ɗauko wani babban littafi ya rubuta sunana, da sunan mijina, da ƙauyenmu, da makarantar da nake koyarwa.

"Malama," in ji shi, "da yaron nan ya harbe ki ɗazu, ba wanda zai tuhume shi. Kin gane? Tashi ki tafi."

Muka koma mota. Wani Alhaji ya ƙi shiga, ya ce zai jira ta baya. Wadda ke gefena ta matse jikinta kada ya taɓa nawa. Tsohuwar ta sauka a wata mararraba kafin tamu, ta ce, "Ki sha ruwa in kin je gida." Ban tambayi sunan garinsu ba, hankalina ba ya jikina.

Na tarar da mijina a bakin titi da babur, an fara kiran magariba. Yana ganin fuskata bai tambaye ni komai ba sai da muka shiga ɗaki. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun lokacin da aka ɗana bindigar nan abin da ke cikina bai motsa ba. Na sha ruwan sanyi, na kwanta ta hagu, na danna, shiru. Sai washegari da hantsi, ina watsa wa kaji tsaki, na ji ɗan shuri a ƙasan haƙarƙarina. Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi a titi ba.

Labari ya riga ni zagaya ƙauyuka. A kasuwa cewa ake an kama malamar 'yan mata da bom, wasu su ce da taswira. Yayan mijina ya zo har tsakar gida ya ce wannan karatu ya isa haka, kada a jawo wa zuriya abin da ba za ta iya ɗauka ba. Mijina bai yi masa musu ba, bai kuma hana ni ba. Cewa ya yi, "Ki huta tukuna, har ki sauka." Shugabar makarantarmu ta roƙe ni in daina nuna wa ɗalibai hotunan ƙasashen waje, in tsaya a kan tukunya da ganye.

Littafin nan da aka rubuta sunana a ciki shi ya hana ni sakat. Ƙauyenmu ba a cika shigowa da mota ba, don haka duk ƙarar injin da na ji sai in bar abin da nake yi in saurara. Bayan sati uku, wata rana da azahar, farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na ji ana sallama, ana ambaton sunan mijina cikakke, kamar ana karantawa daga takarda. Ban san lokacin da na tsinci kaina a bayan rumbu ba, a tsugune cikin ƙaiƙayi, na toshe bakina da gefen zanin da nake ɗaure da shi. Ina jin surukata tana kira na, na kasa amsawa. Ashe malaman gona ne suka kawo sabon irin wake a gwada. Da suka tafi na yi amai har sai da aka riƙe ni.

Sai bayan na yi arba'in na mayar wa Farfesa zanensa. Na warware masa a kan tebur. Ɗigon ruwa bakwai ne a kansa, ɗaya ya faɗa kan gadar, tawada ta narke ta zama tabo. Gefe ɗaya ya karye inda ya yi lilo daga benci. Har lokacin ana jin ɗan warin daddawa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya daɗe a sunkuye.

"Malamina ya rasu," in ji shi. "Ba wanda zai sake yin irinsa."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ni na ba ki. Ni ne ban duba zamanin da muke ciki ba." Ya naɗe shi ya sa a kabad ya kulle.

Na kammala karatun da jinkirin shekara biyu. Babin da ya shafi zanen albarushi daga ƙwaƙwalwa na rubuta shi, domin ban sake yarda na nemi bidiyon ba, ko a kwamfutar wani. Ranar kare kundin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba babin tsofaffin zane, sannan ya buɗe na ƙarshe ya ce, "Malama, kin yi shafi ashirin kina bayanin aikin da ido ne yake ganinsa, amma ba ki sa hoto ko ɗaya ba. Me ya sa?"

Na juya na kalli Farfesa. Farfesa ya gyara zama ya ce, "Akwai dalili, kuma na san shi. Mu je tambaya ta gaba."